Wasiƙa daga Kumasi: Ranar da muka kai yara tafkin Bosomtwe

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman abokan aikina malamai da na baro a Zariya. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya ɗalibai. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwa. Garin nan damina biyu yake yi a shekara, har yanzu jikina bai gama sabawa ba. Agogonmu kuma yana bayan naku da awa ɗaya, don haka mai kirana bayan asubarku ya sani barci yake katse mini.

Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare mai zaman kanta a Asawase. Da zan taho, kowa cewa yake ai ba baƙunta zan yi ba, tunda Zangon Kumasi Hausa ake yi. Haka ne, amma ranar farko na tambayi wani yaro hanyar makaranta, ya ja ni tiryan-tiryan sai gaban wani malami da almajiransa suna karatun Alƙur'ani. Ashe a nan in ka ce makaranta, ta addini kake nufi. Ta boko sukul ake ce mata. Da na shiga aji ina kiran suna, na tambayi ina wance, sai yara suka ce "bai zo ba, uwansa ya aike shi kasuwa." Na ɗauka tsokanata suke yi. Wata uku na yi ina gyara musu "ya" da "ta", har wata dattijuwa mai sayar da koko a bakin ƙofar makaranta ta ce mini, "Malam, kai dai koya musu abin da aka ɗauke ka dominsa. Hausan nan kakanninmu ya kawo shi a kan jaki." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka yada zango a Salaga su ne asalin mutanen nan, kuma harshen ya yi zamansa tsakanin Tonawa, wato mutanen Asante masu garin, da Dagwamba da Mosawa, ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya zubar da abin da ya zubar. Shi ma ya bar nasa a bakin masu gari. Shinkafa da wake ta zama waakye, ƙosai ya zama koose, tuwo kuwa har a Akra tuo zaafi za ka ji ana kiransa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata fita da muka yi. A nan kai ɗalibai yawon buɗe ido ba baƙon abu ba ne, iyaye sun san da kuɗinsa kamar yadda suka san da na littafi. Shugabar makarantarmu Batoniya ce, Kirista, ta ce bana tafkin Bosomtwe za a je, kuma tunda ni ne malamin kimiyya ni zan yi bayani. A taron iyaye wani Alhaji mai shagon yadi a kasuwar Kejetia ya miƙe ya ce shi 'yarsa ba za ta je wurin tsafi ba. Ba ƙage ya yi ba. Tonawa suna girmama ruwan nan, a al'adarsu ran mamaci nan yake zuwa ya yi bankwana. Ni ma a zuciyata na ɗan karkata wajensa, ba don tsoron tsafi ba, sai don ban ga dalilin kwasar yara hamsin a kai su kallon ruwa ba. Limamin unguwa ne ya raba gardamar. Ya tuna mana ayar suratul Ankabut da ta ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah Ya fara halitta, ya ce kallo daban, bauta daban. Alhaji ya ce to ya yarda, amma da shi za a je. Aka ba shi kujerar gaba.

Ranar Asabar muka tashi. Duk wanda ya san ƙasar Tonawa ya san Asabar ranar jana'iza ce. Tun daga bakin gari muke wuce rumfuna, mutane sanye da baƙi da ja, ga lasifika, ga ganguna, ga hoton mamaci ƙato a bakin titi. Gawa tana iya yin makonni ko watanni a ɗakin sanyi kafin dangi su gama shiri. Mu da muke sallatar mutum da azahar in ya rasu da hantsi, abin yana ɗaure mana kai, su kuma namu saurin ne yake ba su mamaki. Wani abokin aikina ya taɓa tambayata ko ba ma son mamatanmu ne. Na ce son ne ya sa muke gaggawa. Har yau bai gamsu ba, ni ma ban gamsu da nasu ba, kuma muna cin abinci a kwano ɗaya.

Tafkin yana kudu maso gabashin Kumasi, kamar kilomita 30. Bayan Kuntanase mota ta hau tudu, sannan ta fara gangara a karkace zuwa ƙauyen Abono, direba na taka birki yara na salati. Sai ga ruwa kwance a ƙasa kamar an zuba shi a ƙwarya, tsaunuka kore shar sun kewaye shi. Hayaniyar motar ta ɗauke ɗif.

Na tara su a bakin ruwa na yi bayanina: wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya shekara wajen miliyan ɗaya da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita goma da rabi, ruwan sama ya cika shi, kuma babu kogin da yake fita daga cikinsa. Ina gamawa wani tsoho ɗan ƙauyen ya ba su nasa labarin da Turanci da Twi, harshen Tonawa. Ya ce maharbi ne ya harbi gada, ya bi ta har ta shige wani ɗan kududdufi ta ɓace, shi ya sa sunan yake nufin abin bautar gada. Yara suka fi sauraronsa a kaina, ba zan ɓoye muku ba. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Sir, wanne za mu rubuta a jarrabawar BECE?" Na ce dutsen za ki rubuta, gadar kuma ki kai wa kakarki.

Masunta a nan ba kwalekwale suke hawa ba. Wani falankin itace ne da suke kira padua, mutum ya zauna a kai ƙafafunsa cikin ruwa, yana tuƙi da hannu ko da sakaina, don al'adarsu ta daɗe da ƙyamar ƙarfe ya taɓa ruwan. Ina kallon wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba yana jefa birgi daga kan abin nan ko gezau, sai ɗalibai suka fara zuga ni. Ni kuma girman kai ya ɗebe ni, na naɗe wando na hau a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ban cika daƙiƙa biyar ba falankin ya juya. Na tashi shaddata ta manne a jiki, hulata zanna tana tafiya a kan ruwa ita kaɗai. Yara hamsin, har da shugabar makaranta, suna dariya har da riƙe ciki. A gida da na ji an zubar mini da mutunci. Nan kuwa ranar Litinin yaran da ba su taɓa buɗe baki a aji ba su ne suka dame ni da tambaya: ina dutsen ya tafi, me ya sa ruwan bai ƙafe ba, wani zai iya sake faɗowa?

Da azahar ta yi muna neman inda za mu yi salla, matar wani masunci, ba Musulma ba, ta ɗauko tsintsiya ta share mana gindin bishiya, ta kawo ruwa a bokiti, ta kore awaki. Da za ta miƙo mini moɗa hannunta na dama da kifi, sai ta miƙo da hagu tana ba ni haƙuri. A wannan dai mu da su ɗaya ne. Alhaji ne ya ja mu salla, kuma shi ya fi kowa sayen soyayyar karfasa, har da ta tsaraba.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Shekara goma sha ɗaya na koyar a Zariya, dutsen Kufena yana kallona kullum, ban taɓa kai aji ɗaya gindinsa ba. Na koyar da duwatsu da zaizayar ƙasa a kan allo da alli, na zana wa yara abin da yake bayan tagarsu. Na san za ku ce kuɗin mota, ku ce tsaro, kuma ban raina ko ɗaya ba, don na san halin da hanyoyinmu suke ciki. Amma Kufena ai ba daji ba ne.

Zango mai zuwa fadar Manhyia za mu je ranar Akwasidae, bikin da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu yake zama a bainar jama'a duk bayan mako shida. Alhaji ya riga ya ce a ajiye masa kujerarsa. Duk wanda zai taho Kumasi cikinku ya riƙo mini kilishi da hula zanna lamba ashirin da biyu, waccan ta tsuke tun da ta sha ruwan Bosomtwe.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Malamin kimiyya a Asawase, Kumasi