Abin da Antigone ta koya min a kan kyamara

Kyamara mai kwaɗayi ce, komai take so ta nuna. Su kuwa Girkawan da suka rubuta wasannin nan masu ban tausayi a birnin Atina, wajen shekara 2,400 da suka wuce, sun gina su ne a kan abin da ba za a nuna wa mai kallo ba. Wannan ne babban abin da na ɗauka a kwas ɗin rubutun talabijin da muka yi, da aka ba mu Antigone ta Sophocles aka ce mu mayar da ita shiri mai dogon zango.

Labarin dai ga shi, 'yan'uwa biyu, Eteocles da Polyneices, sun kashe juna a yaƙin neman sarautar birnin Thebes, kawunsu Creon ya hau gadon mulki ya ce a yi wa Eteocles jana'iza, shi kuwa Polyneices da ya kawo wa garin hari a bar gawarsa a fili, duk wanda ya binne shi kisa ne hukuncinsa. 'Yar'uwarsu Antigone ta ce ba ta yarda ba, ta je ta zuba masa ƙasa. A ƙarshe aka rufe ta a kogo ta rataye kanta, saurayinta Haemon wanda ɗan Creon ne ya kashe kansa a gefenta, uwarsa ma ta bi shi.

Mutuwa uku kenan fa, kuma ko ɗaya ba a yi ta a gaban jama'a ba. Ɗan aike ne yake zuwa ya ba da labari da baki. Kusan duk 'yan ajinmu abin da suka fara yi shi ne cire ɗan aiken nan, wai talabijin ba rediyo ba ce, a kai kyamara cikin kogon a nuna igiya a nuna takobi a nuna jini. Ni dai da muka karanta rubutun a aji sai na ga wani abu ya ɓace. Saboda a asalin wasan, lokacin da ɗan aike yake magana, Eurydice matar Creon tana tsaye tana sauraro yadda ɗanta ya mutu, da ya gama ba ta ce uffan ba ta juya ta shige gida, har 'yan amshi, wato rukunin mawaƙan da ke sharhi a cikin wasan, suka tsorata da shirun nata. To in ka tafi kogo da kyamararka ka bar matar nan kenan, alhali fuskarta ita ce abin da talabijin za ta iya nunawa wanda dandalin Atina bai taɓa iyawa ba, don can 'yan wasa maza ne zalla, ba sa wuce uku masu magana, fuskarsu a rufe, masu kallo dubbai a zaune a gangaren tsauni.

Amma kusantar fuskar nan ma tana da nata haɗarin, kuma a nan na fi daɗewa ina tunani. Da zarar ka matso da kyamara kan yarinya tana hawaye, shi kenan ka yanke hukunci, Creon ya zama mugun sarki kawai irin wanda muka saba gani. Alhali mutumin yana da hujja, gari ya fito daga yaƙi jiya-jiya, yana tsoron in aka girmama wanda ya kawo hari doka ta rushe. Ita ma Antigone ba taushi gare ta ba, dubi yadda take yarfa ƙanwarta Ismene. Dole a ba Creon nasa lokacin shi kaɗai da kyamara, a ga tsoronsa, in ba haka ba kukan da zai yi a ƙarshe ɗauke da gawar ɗansa ba zai taɓa kowa ba.

'Yan amshi kuma wallahi ciwon kai ne. Mutum 15 suna waƙa suna sharhi, ina za ka sa su? BBC a 1986, da Don Taylor ya yi wasannin Thebes guda uku, barinsu ya yi a matsayin dattawan gari. Peter Hall kuma Oresteia ɗinsa, wani wasan Girkawan ne, da aka nuna a tashar Channel 4 ta Birtaniya a 1983 har abin rufe fuskar ya bari. Mu a rukuninmu mun mayar da su fadawa da dattawan majalisa, masu cewa ranka ya daɗe a gaban sarki su koma gefe suna gunaguni, kuma ya zauna, don dama a wasan haka suke, sai da boka Tiresias ya yi magana sannan suka samu bakin ce wa Creon ya saki yarinyar.

Sai maganar ɓoye ƙarshen labari don a ja mai kallo zuwa mako mai zuwa. Mutanen Atina sun san tatsuniyoyin nan tun kafin su zauna, haka duk wanda ya karanta The Gods Are Not to Blame ta Ola Rotimi ya san Odewale zai kashe ubansa ya auri uwarsa tun daga farko, amma bai ajiye littafin ba. Shi ya sa a namu rubutun, tun kashi na farko muka bar Antigone ta faɗa da bakinta cewa ta san mutuwa za ta yi, muka bar sauran kashin ga tambayar yaushe Creon zai gane, da wa da wa zai rasa kafin nan.