Ku nemi takarda tun ranar da kuka kama aiki

Ƙannena masu shirin kama aiki a Maradi, ko a mangaza ne, ko gidan mai, ko makarantar kuɗi, maganar da za ku fara ji ita ce: "Ai mu ɗaya ne, ba sai an rubuta ba." Garinmu garin kasuwa ne. Alhazai sun saba ƙulla cinikin miliyoyi da baki, kuma amana tana riƙe su domin ƙarfinsu ɗaya. Tsakanin mai gida da yaronsa kuwa ƙarfi ba ɗaya ba ne.

Na yi shekaru a wata mangaza ba kwantaragi, ba takardar albashi. Kunya ce ta rufe mini baki, don mai gidan abokin mahaifina ne. Sai da na ji rauni wajen sauke kaya na gano ba a taɓa sa sunana a CNSS ba, wato asusun da ke kula da fanshon ma'aikata da raunin wurin aiki. Kuɗin magani daga aljihuna ya fito. Wanda ya fi ci mini rai har yau shi ne shekarun nan ba su shiga lissafin fanshona ba, kuma ƙarfin da na zuba cikinsu ba ya dawowa.

Dokar aiki ta Nijar, ta ranar 25 ga Satumba 2012, tana nan da sunanku. Aikin mako awa 40 ne, abin da ya ɗara haka yana da nasa kuɗi. Duk watan da ka yi aiki ka tara hutun kwana 2 da rabi, da albashinka. Mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14. Albashi mafi ƙanƙanta ya koma jika 42 tun Janairun 2024.

Maganar CNSS ce nake so ku riƙe da hannu biyu. Mai gida ne doka ta ɗora wa yi maka rajista. Ana cire kashi 5,25 cikin ɗari daga albashinka, shi ma ya ɗora nasa kason ya zuba. Kada ka tsaya ga "an yi maka". Karɓi lambarka, ka taka da ƙafarka zuwa ofishinsu ka ga ko kuɗin suna shiga, domin cirewa daban, zubawa daban.

In rigima ta taso, kada ka yi zuciya ka jefar da makulli ka tafi gida. Za a ce kai ka bar aiki. Kada kuma ka sa hannu kan takardar Faransanci da ba ka gane ba, ko da ana tsaye a kanka. Ka ce za ka kai a karanta maka. Je wurin sufeton aiki, ko ka nemi 'yan sandika, wato 'yan ƙungiyar ƙwadago, su raka ka. Sufeto zai kira ku ku biyu ya nemi sulhu, in ya gagara sai kotun ma'aikata. A can shaida ake tambaya, don haka ka adana rasidin kuɗin da aka turo maka da saƙonnin waya. Ranar rabuwa kuma, ko da daɗi ko ba daɗi, ka karɓi takardar shaidar aiki kafin ka fita.