Abin da editin fim ɗin marina ya koya min

Duk ɗalibin aikin jarida da aka ba aikin gajeren fim na ƙarshen zango yakan ɗauka wahalar duka a lokeshan take: rana, ƙura, neman izini, batiri ya mutu ana tsaka da hira. To amma malamin da zai ba da maki ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Minti goman da aka miƙa masa a filashi su kaɗai zai kalla, su kuwa a gaban laftof ake samar da su.

Rukuninmu marinar Ƙofar Mata ya zaɓa a Kano, wadda allon bakin ƙofarta ke cewa tun 1498 ake rini a wurin. Hoto kam ba a magana. Ga ramukan rini a jere, kumfa a saman ruwan baba, dattijo a bakin rami yana tsoma yadi yana ɗagowa iska ta buge shi, launin yana juyewa daga kore-kore zuwa shuɗi kana kallo. Ni aka ɗora wa editin, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don laftof ɗina ce kaɗai ke iya jan manhajar editin ta DaVinci Resolve, shi ma sai da na yi wa hotunan ƙananan kwafi marasa nauyi na yi aikin da su.

Kafin in yanka komai sai da na daidaita gudun hotunan. Kyamarar da muka aro tana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, wayoyin da muka ƙara da su kuma 30, sannan waya takan riƙa sauya gudunta da kanta idan haske ya ragu. In ka zuba su haka a layi ɗaya, hira za ta fara daidai, can gaba sai ka ga baki ya riga murya. Duk na mayar da su 25. Tafin da muke yi a gaban kyamara kafin kowace hira, wanda marina ke mana dariya a kai, shi ya sa haɗa muryar ƙaramin makirfo da hoton bai ba ni wuya ba.

Sauti ne ya fi cin lokacina, kuma a nan ra'ayina game da fim ya sauya. Marinar a bakin babban titi take, hon ɗin adaidaita sahu ba ya yankewa. Idan na ɗauko jimla daga farkon hira na manna ta da wata daga ƙarshe, ido ba ya ganin ɗinkin saboda na rufe shi da hoton hannu a cikin rami, amma kunne yana ji, domin hayaniyar bayan fage takan yi tsalle. Wata a cikinmu ta naɗi hayaniyar wurin zalla, babu mai magana, na kusan minti ɗaya. Lokacin ana ta yi mata tsiya wai tana ɓata batiri. Wannan naɗin na shimfiɗa a ƙarƙashin fim ɗin daga farko har ƙarshe, ɗinkin ya ɓace. Mai kallo zai yafe maka hoto mai duhu ko mai rawa, amma da zarar ya fara cewa "me ya ce?" ka rasa shi.

Sai maganar gaisuwa, wadda har yau ba mu gama musu a kanta ba. Kowace hira da dattawan nan ta fara da sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya makaranta. A aji an koya mana a shiga magana kai tsaye, duk abin da bai ciyar da labari gaba ba a zubar. Daraktan rukuninmu ya ce in cire duka. Da na cire muka kalla, sai dattijon ya zama kamar wanda aka tare a hanya aka cusa wa makirfo, mu kuma muka fito kamar yaran da ba su da tarbiyya. Ƙa'idar ajin ba ƙarya ba ce, sai dai waɗanda suka tsara ta ba Bahaushe suke kallo yana magana da sa'an kakansa ba. Na bar sallama da amsarta da "ina gajiya" guda ɗaya a hirar farko, na ɗora su a kan hoton shigarmu marinar yadda ba za su ci lokaci a banza ba. Darakta na ganin ko wannan ma ya yi yawa.

Abin da na fi jin daɗinsa ɗakin bugu ne, inda ake ɗora yadi a kan gungume ana dukansa da manyan guduman itace har ya yi sheƙi. Mabuga suna da kari, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Muna ta neman kiɗan da za mu sa ba tare da mun taɓa haƙƙin mallakar wani ba, ashe ga shi a hannunmu. Na riƙa shigo da sautin bugun tun ana kan hoton ramuka, kafin a ga ɗakin, sannan na yanka hotuna a kan faɗuwar guduma.

Akwai kuma yankan da ke taɓa zumunci. Mai kyamararmu ya ɗauki faɗuwar rana a bayan yadukan da aka shanya, hoton da ya fi kowane kyau, amma babu inda ya zauna a labarin. Na sa masa fim ɗin da shi da kuma babu shi, ban ce uffan ba. Shi da bakinsa ya ce a cire, ko da yake ya ɗan yi fushi da ni.

Fassarar Turanci da ake buƙata a ƙasan allo ta ƙara tilasta min rage dogayen jimloli. Da na fitar da fim ɗin a MP4, na saurare shi da abin kunne, na sake saurara da lasifikar waya mai araha, domin da irinta yawancin mutane za su ji shi. A nan ne na gano bugun yana danne muryar dattijo a wurare biyu, sai na koma na sassauta shi kafin mu miƙa.