"Nawa gidan ga zai yi?"

Aikina shi ne ƙiyasta darajar gidaje da filaye a nan Sakkwato, kuma tambayar da ta fi bi na, a waya ko a ƙofar masallaci, ita ce: "Malam, nawa gidan ga zai yi?" Mai tambaya yana son amsa kafin ya gama sa takalminsa. Ni kuwa ba na ba da ita a tsaye. Kuɗin da zai fita daga bakina, da shi za a raba wa marayu gado, ko banki ya ba da bashi a kansa, ko wani dattijo ya rabu da gidan da ya yi shekaru yana tara bulonsa. Irin wannan magana tana son lokaci, kuma kusan duk abin da na sani game da tsara yini na koye shi ne wajen nema mata wannan lokacin.

Mutane kan haɗa mu da dillalai. Ina girmama dillalai ƙwarai, akwai waɗanda suka san tarihin kowane fuloti a unguwarsu tun yana gonar gero. Sai dai la'adar dillali tana rataye da ciniki, in an sayar ya samu, in ba a sayar ba ya tashi a banza. Mai ƙiyasi kuwa ana biyansa ne ya faɗi abin da ya gani, ko ciniki ya faɗa ko ya watse. Shi ya sa doka ta ware aikin. An kafa ƙungiyarmu ta NIESV a 1969, a 1975 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar ESVARBON mai yi mana rajista. Rahoton da banki zai dogara da shi sai mai rajista ya sa masa hannu da hatimi, kuma wuyansa za a kama in ya rubuta ƙarya.

Kafin in ɗauki tef ɗin awo, nakan tambayi wanda ya kira ni: don me ake son ƙiyasin? Gida ɗaya, a rana ɗaya, yana iya samun kuɗi iri-iri gwargwadon dalili. Mai sayarwa kuɗin kasuwa yake nema, wato abin da mai son saye zai biya mai son sayarwa, ba wanda aka matsa wa, kuma an bar gidan ya kwana biyu a kasuwa har masu saye sun ji labarinsa. Banki yana son wannan, yana kuma son sanin abin da gidan zai kawo in an tilasta sayar da shi cikin gaggawa, wanda kullum ƙasa yake da na kasuwa. Kamfanin inshora kuɗin sake ginawa kawai ya dame shi, ba a sa fili a ciki, tunda gobara ba ta cin ƙasa. Diyya kuma tana da nata hukuncin. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ke hannunka haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99 in kana da takardar shaidar mallaka, wadda kowa ke kira C of O. Idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyya tana kan abin da ka aza a kansa: gini, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Ina ganin akwai ƙunci a nan ga talakan da ya sayi fuloti da guminsa bai kai ga gini ba, kuma gara ya san haka tun yau.

Hanyar da muka fi aiki da ita ita ce kwatanci. A nemo gidaje masu kama da wanda ake magana, waɗanda aka sayar kwanan nan a kusa, a ga nawa aka biya, sannan a ƙara ko a rage saboda bambanci. A baki abu ne mai sauƙi, a aikace nan ne lokaci yake tafiya. Kuɗin da aka yi wa gida suna daban, kuɗin da aka ƙirga aka miƙa daban, kuma na biyun ne shaida. Mutanenmu ba sa son a san abin da suka biya. Wani ya rage don gudun idon dangi, wani ya ƙara don a ce ya isa. Wani cinikin ma tsakanin wa da ƙane aka yi shi, an yi rangwame saboda zumunci, bai kamata a auna gidan maƙwabci da shi ba. Don haka ba na karɓar farashi daga baki ɗaya. Sai na ji daga dillali, na ji daga ɗaya cikin shaidu, in da hali in ga takardar cinikin da idona.

Daga nan sai gyara. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 a Gawon Nama ba ɗaya yake da mai wannan girman a bayan Kwannawa ba, kowa ya san haka. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne bambancin da ke cikin unguwa ɗaya. A Arkilla ko Runjin Sambo, gidan da ke bakin kwalta da wanda sai an ratsa lungu biyu mota ba ta shiga, tazarar kuɗinsu tana da faɗi. Fulotin da ke kan kwana ya fi na tsakiya don ana iya fitar da shaguna. Sai ruwa, wanda a garin nan yana ɗaga kuɗi yana kuma kayar da shi. Gidan da ke da rijiyar burtsatse mai kawo ruwa har cikin bazara yana da ƙari. Gidan da ruwan damina ke kwana a ƙofarsa yana da ragi, kuma duk wanda ya san wasu lungunan Mabera a watan Agusta ya san abin da nake nufi. Tun ambaliyar 2010, wadda ta cinye gadar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, duk filin da ya gangara wajen fadama ina tsayawa in dube shi da kyau. In da rani na je, nakan nemi layin da ruwa ya bari a jikin katanga, da farin gishirin da ke cin bulo daga ƙasa, in kuma tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi.

Hanya ta biyu ta kuɗin gini ce, ana amfani da ita ga abin da ba a saba sayarwa ba, kamar makaranta ko asibiti. A lissafa abin da za a kashe a gina irinsa yau, a cire tsufa da lalacewa, a ƙara kuɗin fili. A nan ne nake shan gardama da masu gida. "Ni na san abin da na kashe," in ji Alhaji. Gaskiya ne ya kashe, amma mai saye ba ya biyan kuɗin son zuciyar wani. Wanda ya zuba tayil mai tsada da ƙofofin waje a lungun da babu magudanar ruwa, kasuwa ba za ta mayar masa da duka ba.

Ta uku ta haya ce, ga shaguna da gidajen da aka gina don su kawo kuɗi. Mu ɗauka jerin shaguna suna kawo naira 1,200,000 a shekara, gyara da sauran ɗawainiya suna cin 200,000, saura 1,000,000. Idan masu zuba jari a irin wannan wuri suna neman ribar kashi 8 cikin 100, darajar ta kama 12,500,000. In wurin yana da haɗari har suna neman kashi 10, ta sauko 10,000,000. Akwai wasu hanyoyi biyu, na otal da gidan mai da kuma na filin da za a raya, amma ba kullum suke tasowa ba.

Kowane rahoto yana ɗauke da ranar da aka yi ƙiyasi, kuma wannan ranar tana cikin amsar. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakar wa kasuwa farashin canjin naira a watan Yuni, kuɗin siminti da rodi da kwano ya yi tashin da ya sa lissafin da aka yi kafin nan ya daina aiki, duk da ga kamfanin siminti nan kusa da mu a Kalambaina. Wanda ya riƙe tsohon rahoto ya shiga ciniki da shi, kansa zai cuta.

To, yaya ake samar wa duk wannan lokaci? Ni dai rana ce ta tsara mani yinina. Duba gida da sassafe nake yi, da gari ya waye. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma wanda bai leƙa cikin silin kafin hantsi ba, ba zai iya tsayawa ƙarƙashin kwano ya ga inda gara ta ci katako ko inda ruwa ke yoyo ba. Mutumin da zafi ya dama awo yake yi ya gudu. Ina haɗa gidajen da ke gefe ɗaya a fita ɗaya, ba na yin Dambuwa da Gidan Igwai a safiya guda.

Akwai kuma ladabin shiga gida, wanda littattafan aikin ba su san da shi ba. Mafi yawan gidajen da nake dubawa da iyali a ciki. Ba a faɗa wa irin wannan gida kwatsam. Tun jiya nake gaya wa maigida lokacin da zan zo, ya sanar da matan gida, ya kasance yana nan ko ya bar babban ɗansa. In na zo, cikin gida nake fara gamawa don in sakar masu wurinsu, sannan in koma zaure da katanga da waje a natse. Wanda bai yi wannan shiri ba zai tsaya a ƙofa har rana ta take, ƙarshe ya rubuta ɗakunan da bai gani ba.

Binciken takardu a ma'aikatar filaye da hantsi nake zuwa, Litinin zuwa Alhamis, don Juma'a gajeruwa ce. Wannan ba a tsallake shi, domin a can ake gane ko sunan da ke kan takarda na mai gidan ne, ko an riga an jinginar da gidan, ko an sami amincewar gwamna da doka ta shar'anta kafin a sauya hannu. Tsakanin azahar da la'asar na rubutu ne, waya a kife, kuma na gaya wa abokan hulɗata haka tun farko, sun saba. Bayan la'asar sai rumfar dillalai. Wani zai ga kamar hira ce kawai, alhali a nan nake cika littafin da nake rubuta kowane cinikin da na tabbatar: unguwa, girma, wata, kuɗi, da wanda ya shaida mani. Littafin nan shi ke sa aikin mako ya koma na kwana biyu in bukata ta taso. Ɗaurin aure da suna da jana'iza kuwa ba a cire su daga rayuwar Basakkwace, ni ma ba na so in cire su. Abin da nake yi shi ne ba na cika mako taf, kuma ranar da na yi alkawarin miƙa rahoto tana da sarari a bayanta.

Inda na fi taurin kai shi ne ƙiyasin gado. Magada sukan zo a gajiye, an daɗe ana ja, kowa yana son a gama. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu ne zai sayi rabon sauran, shi yana son kuɗi ya sauka, su suna son ya hau. Alƙali zai fitar da tumunin matar mamaci, ya ba namiji rabon mata biyu, amma duk wannan rabon a kan kuɗin da na rubuta zai hau. In na rage miliyan ɗaya saboda sauri, na rage ta ne daga hannun gwauruwa da yaran da ba su isa su yi magana ba. Don haka in babban wa ya ce, "Malam, don Allah yau muke so," nakan ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, haƙƙin marayu ne," in faɗa masa ranar da zan iya. Wasu sukan tafi wurin wani. Da yawa sukan jira.

Mai son aikinsa ya yi sauri, akwai abin da ke hannunsa. Ya tanadi takardar mallaka ko ta ciniki, da taswirar safiyo in akwai, da rasit na haya in gidan haya ne, ya nemo wanda ya san iyakar filin tun asali, ya kuma tabbatar makullan dukkan ɗakuna suna gida ranar da zan zo, har da na ɗakin da aka ce ba kowa a ciki sai tarkace.