Talata, ni da Baffa a cibiyar bincike

Da sassafe Baffa ya iso daga ƙauye, ko karyawa bai yi ba. Ya zo da wake a ƙullin leda, duk ya huhhuje, in aka girgiza sai gari ya zubo. Wai abin da ya rage na bara kenan. Inna ta ce tunda yau zan je wajen Yaya a IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru da ke nan Marwa, kan maganar aikin kammala karatuna, in tafi da shi a duba masa. Muka hau moto biyu.

Maganar wake ba ta ɗau lokaci ba. Wata Madam mai aiki kan ajiyar hatsi ta ɗauko buhu ta nuna masa: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Iska ta ƙare wa ƙwarin, su mutu, ba a sa magani ko kaɗan. Ta ce a nan Marwa aka fara gwada dabarar, tare da masanan jami'ar Purdue ta Amurka. Baffa ya shafa ledar, ya ɗaga ta a rana yana neman huji, ya tambayi kuɗinta. Shi kenan.

Daga nan Yaya ya zaga da mu, kuma a nan kaina ya fara ɗaurewa. Ƙofa ɗaya, wani Dakta ne da ya ƙare rayuwarsa a kan wuta-wuta. Ya zuba mini irinta a tafin hannu, wallahi kamar ƙura, na yi tsoron yin numfashi a kai. Ya ce tsiro guda yana zubar da dubun dubata, kuma irin yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran jin saiwar dawa. Auduga takan yaudare shi ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. Yadda yake bayanin, idonsa har ƙyalli yake. Ƙofa ta gaba muskuwari kawai aka sani, wato dawar rani da ake dasawa, da karal, ƙasar lakar da ake dasa ta a ciki, da yadda take riƙe ruwa bayan damina. Wani kuma tsutsar masara ce tasa, wadda ta shigo Afirka a 2016. Akwai mai gawo. Akwai wata da ba ta taɓa ƙasa sam, farashin kasuwa da bashin manoma take bi. Na dabbobi ma an ce da yawansu suna Garwa da Wakwa, kaska da ciyawar kiwo da sauransu.

Da farko daɗi na ji. Na yi ta rubutu kamar hannuna zai tsinke.

Da azahar muka zauna ƙarƙashin dogon yaro, aka kawo shayi. Baffa bai ce uffan ba tun daga ɗakin wake, sai da ya ajiye kofi ya dubi Daktan wuta-wuta.

"Malam, in tambaye ka mana. Kai naka ciyawa, wancan nasa tsutsa, wancan itace. To ni gonata guda ce. Wuta-wutar tana ciki, gawon yana ciki, akuyata na cin 'ya'yansa, kashinta kuma gonar yake komawa. Wa ke duba ta gaba ɗaya?"

Na ji kunya ta kama ni, na zaci Dakta zai ji haushi. Sai ya yi shiru, ya juya kofinsa, ya ce, "Baba, ku ne kuke dubawa. Mu kowa ya kama gefe ne don in ba haka ba ba za mu ga ƙasan abu ba. Amma gaskiyarka, sai mun riƙa zama tare."

Mai gawo ya karɓe, ya ce ai shi ya sa yake son itacen nan: yana kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da abinci, ƙasar gindinsa ta yi ƙarfi, kuma wuta-wuta ta fi cin gonar da ta gaji. Nan suka shiga gardama su biyu da Faransanci, suka manta da mu. Baffa ya yi murmushi ya ce mini a hankali, "'Yar nan, kin ga sun fara."

Tun da muka dawo maganar ta ƙi barina. Ranar Juma'a ya kamata in miƙa wa malamina taken bincikena, kuma da safe na fita da tabbacin ajiyar wake zan ɗauka, don na ga hawayen Inna a kansa ba sau ɗaya ba. Yanzu ina tsoron in kulle kaina a ɗaki guda shekara ashirin, in san ƙwaro ciki da bai, ranar da Baffa ya zo da tambayarsa in rasa ta cewa. Amma kuma ba don wani ya yarda ya zauna da ƙwaron nan shekara da shekaru ba, da yau babu buhun da Baffa ya tafi da shi. Ina jin duka biyun a ƙirjina, sun ƙi daidaita.

Wuta ta ɗauke bayan magariba. Tuwon dawa da miyar kuka. Autarmu da zazzaɓi, amma ya sauka.

Baffa bai kwana ba, ya ce dashen muskuwari ba ya jira, irin renonsa ya isa cira. Ya ɗaure buhu uku a bayan moto ya tafi. Na roƙi Inna ta bar ni in bi shi Asabar, in kwana biyu a karal ɗin ina kallon yadda yake yi. Ta ce sai Yaya ya yarda ya raka ni. Takardar taken tana nan kan tabarma, sunana kawai na rubuta. Gobe zan kira malamina in nemi ƙarin mako guda.