Kafin ku ɗau hanyar bakin teku

Ranar kasuwar Maigatari da ta wuce, ina zaune wurin mai shayi na ji wasu samarin garinmu suna shawara: da zarar sun sayar da riɗi za su yi karo-karo su ɗauki mota su je Ikko, wato Legas, su ga teku. Raina ya yi fari, domin ni ma a shekarunsu abin da ya hana ni barci ke nan. Amma da na ji jerin wuraren da suke son zagawa cikin kwana uku, sai gabana ya faɗi. Tsarinmu ne sak, wanda muka yi mu biyar shekarun baya, muka dawo da nadama. Ƙannena, ku zauna in faɗa muku inda muka ɓata.

Lokacin da kuka zaɓa daidai ne. Bayan kaka, wajen Nuwamba, ruwan sama ya yi sauƙi a Ikko, ba kamar Yuni da Yuli ba da ake kwana ana wuni ana sheƙawa. Sai dai kada ku bari ƙarshen Disamba ya riske ku, lokacin da garin ke cika maƙil.

Hanya kuwa doguwa ce, daga Kano kaɗai kusan kilomita 1,000. Mu direba ɗaya muka tafi da shi, ɗan gwaggona, a tsohuwar Golf da ba mu kai wa bakanike ba don kada kuɗin guzuri ya ragu. Fanbel ya tsinke mana bayan mun haye gadar Jebba, muka yi rabin wuni a bakin titi. Ku kai mota a duba birki da taya da lagireto, ku tabbata akwai safaya da jak, lasin da inshora da sauran takardu su cika, domin shingen bincike ba ya ƙirguwa. Direba biyu. Ku raba tafiyar kwana biyu, ku kwana a Ilori ko wani gari babba, ban da tafiyar dare. Zancen wace hanya ta fi lafiya, ta Mokwa ko ta Lokoja, ba a waya ake samunsa ba. Ku je tasha ku tambayi direbobin da suka dawo a wannan makon.

Duk wannan ƙaramin abu ne a kan babban kuskurenmu. Mun buɗe taswira a waya muka ga Badagry da Tarkwa Bay da Lekki da Epe duk a jere a gaɓa ɗaya, kamar ƙauyukan da ke kan titin Gumel zuwa Haɗejia. Muka auna da kilomita. A nan gida, kilomita 60 tafiyar awa guda ce, har ka tsaya ka sayi rake. A can lissafin ba haka yake ba. Badagry tana can yamma, dab da iyakar Seme ta ƙasar Benin. Epe tana can gabas. Legas da mutanenta sun zauna a tsakiya. Garin kuma ruwa ya yayyanka shi, tsakiyarsa tsibiri ne, duk wanda zai haye sai ya bi ɗaya daga cikin 'yan gadojin da ake da su. Babbarsu, gada ta uku da aka buɗe a 1990, tsawonta kilomita 11.8 ne a kan ruwa, kuma da safe da yamma ana iya tsayawa cik a kanta.

Ranar farko muka ce Badagry da safe, Lekki da yamma. Ba mu fito daga masauki ba sai da rana ta ɗaga, muka faɗa gosulo, ba mu isa ba sai bayan azahar. A gurguje muka leƙa gidan benen nan da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda ake nuna wa baƙi a matsayin bene na farko irin ginin Turawa a ƙasar nan. Muka shiga gidan tarihi inda aka ajiye sarƙoƙin da ake ɗaure bayi da su. Mai yi mana bayani ya ce in ɗaga wata ta wuya. Na ɗaga da hannu biyu, nauyinta ya sa jikina ya yi sanyi. Ya ce abin da ya rage shi ne mu shiga kwalekwale mu haye zuwa Gberefu, mu taka cikin yashi ta hanyar da aka riƙa kora mutane zuwa bakin teku, inda jiragen ruwa ke jiransu, wurin da in an kai mutum ba ya sāke ganin gida. A cikin waɗanda aka bi da su ta wannan gaɓa har da mutanen ƙasar Hausa. An same su da yawa a Bahiya ta ƙasar Barazil. Ina tsaye ina hangen ƙetaren, sai ni da bakina na ce, "Mu tafi, Lekki na jiranmu." Magariba a cikin mota ta same mu, Lekki ba mu gan ta ba, Gberefu kuma ta wuce mu. Na yi tafiyar kwana biyu, saura ƙetare ruwa na 'yan mintoci, na juya baya. Wannan abu har gobe yana ci mini rai.

Ba a tauna taura biyu. Rana ɗaya, shiyya ɗaya. Ku ba Badagry wuni sukutum, ku fita da an sallame asuba, ku juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Rana ta biyu ku ba gabas: gandun dajin Lekki mai birai da gadar igiya da ke rataye a saman itatuwa, tsawonta mita 401, in kuma da sauran lokaci ku zarce kasuwar kifi ta Epe. In babu, ku haƙura da ita. Rana ta uku ta teku ce kawai, kada ku haɗa ta da komai. Kuma ku ajiye motar a masauki a ranar, tunda Tarkwa Bay mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa.

Duk wannan da Baffanmu na Agege zai faɗa mana cikin minti biyar, mutumin da ya fi shekara ashirin a garin. Ba mu neme shi ba sai ranar ƙarshe, wai kada ya ce yara sun zo ɓarnar kuɗi. Muka kama ɗakin haya, muka ɓata safiya guda muna neman Bar Beach, don dattawanmu da suka yi cirani a Ikko kullum sunanta suke kira. Ashe babu ita. Tun farkon ƙarnin da ya wuce aka gina ganuwar duwatsu a mashigar jiragen ruwa, ta tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, teku ta yi ta cin gaɓar, daga baya aka cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Da muka je gaishe shi ya ji labari, shiru ya yi, sannan ya ce, "Ku da kuke da gida a garin nan, me ya kai ku kwanan haya?" Akwai 'yan uwanmu a Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12. Ku kira naku tun kuna gida, ku riƙa masa tsarabar gero ko man shanu. Kuɗin karo-karo ku damƙa wa mutum ɗaya mai riƙon amana, kuɗin man dawowa a ware shi kada a taɓa. Ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru kafin ku tashi, kada gardama ta kaure a bakin titi kamar yadda ta kaure mana.

Saura maganar da ta fi kowace nauyi. A cikinmu akwai abokina da ya tashi a bakin kogin Haɗejia, gwanin iyo ne na gaske, ko da damina yana ƙetarewa. Da muka isa bakin teku a ranar ƙarshe, muka bar ɓangaren da ganuwar duwatsu ta kāre, inda ruwa ke kwance mutane na wanka, muka taka zuwa inda babu kowa. Wani masunci ya ɗaga mana hannu yana magana da Yarabanci, ba mu kula ba. Abokina ya zaɓi wani wuri da ya ga taguwar ruwa ba ta fashewa, ya ce nan ne mai sauƙi. Nan ne mafi haɗari. Ruwan da taguwa ta turo gaɓa, ta irin wannan gurbi yake komawa ciki da ƙarfi, kamar yadda ruwan fadama ke fita ta inda kunya ta karye. Kafin mu ankara ya yi nisa, yana ta iyo zuwa wajenmu amma baya yake yi. Kogi gefe yake kai mutum, ko ba daɗe ko ba jima ya kama ciyawa. Wannan ciki yake ja. Masuntan nan da muka raina su suka tura kwalekwale suka ciro shi, ya sha ruwa, ko tsayuwa ba ya iyawa.

Daga baya suka fahimtar da mu cewa wanda irin wannan ruwa ya ɗauka kada ya yi kokawa da shi. Ya natsu ya bi gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga gurbin, sannan ya nufo tudu. Amma ni ba wannan nake so ku riƙe ba. Ku da kuka koyi iyo a kududdufi da kogi, kada ruwa ya wuce muku gwiwa, kuma sai inda 'yan gari ke shiga. A jirgi kowa ya sa rigar ceto ya ɗaure igiyarta, kada ku hau wanda aka yi wa lodi fiye da ƙima, ku haye ku dawo tun rana ba ta faɗi ba.

Dukanmu ba mu yi awa guda a bakin tekun da muka je dominsa ba. A hanyar dawowa, daga Ibadan har Kaduna, babu mai cewa uffan. Ni ne na ɗauko yaron nan daga gaban mahaifiyarsa, ni na ce mata, "Inna, kwana bakwai ne, zan dawo miki da shi." Duk tsawon hanyar abin da nake juyawa a raina ke nan: da masuntan nan ba sa kusa, da wane baki zan shiga zauren gidansu?