Tambayar da 'yata ta yi mini

Jiya da daddare 'yata ta kawo mini littafinta na darasin ilimin zama ɗan ƙasa, ta ce, "Baba, idan shugaba ya karya doka, wa zai hana shi?" Kafin in ba ta amsa, sai ta nuna mini zanen da malamarsu ta yi musu: majalisa ke yin doka, ɓangaren zartarwa ke aiwatarwa, kotu kuma ke fassarawa, kowanne yana taka wa ɗan'uwansa birki.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Na daɗe ina kaɗa ƙuri'a, amma ban taɓa bin diddigin abin da wakilinmu ke yi a majalisa ba, ko lokacin da ake muhawara kan kasafin kuɗi. Mu ba a koya mana haka a aji ba.

Sashe na 21 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ya ba kowa damar shiga cikin mulkin ƙasarsa. To wanda bai san da wannan dama ba, yaya zai neme ta?

Yau da safe na buɗe kundin tsarin mulki a wayata, muka fara karanta babin haƙƙoƙi tare kafin ta tafi makaranta.